Ɗigo Biyu Da Tsoron Da Ya Tare Su

Unguwar Kanawa tana arewacin kogin Kaduna, sunanta kuwa ya isa ya faɗi asalin mutanenta. Abin da aka zanta a kasuwar Kano da hantsi, kafin la'asar ya iso majalisunta. Haka wani zance ya iso a shekarar 2003, wai maganin shan inna da a ke ɗiga wa yara an gauraya shi da abin hana haihuwa. A shekarar nan aka tsai da rigakafin a Kano da Zamfara da Kaduna.

Ba a ce masu tsoron nan wawaye ne ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a Kano cikin yara 200, 11 suka rasu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya. Amma fa tsumma tsumma ne, malami kuwa ya san ba a yanke hukunci da zato sai an kawo shaida.

Shaidar aka nema. Aka auna maganin gida da waje, Kano ta karɓi wanda aka yi a Indonesiya, ƙasar Musulmi, ta koma ɗigawa a watan Yuli 2004. Gwamna Ibrahim Shekarau da kansa ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Sai dai cutar ba ta tsaya jiran mahawara ba. Ta bi hanyar fatake da matafiya har Yaman da Indonesiya, a 2006 kuwa yaran da ta kama a Nijeriya sun haura 1,000. Har ta kai Saudiyya ta wajabta wa alhazan Nijeriya ɗigon, watau dattijon da ya hana ɗansa ya buɗe nasa bakin a Jidda.

Daga 2009 sarakunan Arewa suka ɗauki aikin bisa jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, masu unguwanni da limamai suka shiga gaba. Ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Yaran da ta shanye wa ƙafa a 2004 yanzu sun haura shekara 20, waɗansunsu da hannu suke tuƙa keke.