Ƙasa Ma Tana Motsi

Mukan ɗauka ƙasa ba ta motsi, amma kuwa tana yi. Duk wanda ya bi fadamar Gagare wajen Ƙaura Namoda da rani, ko ta Bunsuru wajen Zurmi, ya ga yadda laka take darewa. Da damina ta sauka, sai tsagar ta rufe. Dalili kuwa shi ne, laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe.

A ƙasashen sanyi, kamar arewacin Rasha da Kanada, sanyi ne yake wannan aiki. Mun san ƙanƙarar da masu sayar da ruwan sanyi suke kawowa kasuwar Shinkafi. Ruwa ne ya daskare. In ruwa ya daskare yakan ƙara girma: mudu 11 na ruwa yakan zama wajen mudu 12 na ƙanƙara.

To, a can, ruwan da ke cikin ƙasa ma daskarewa yake yi. Ƙanƙarar tana jawo wani ruwan daga ƙarƙashi, tana ƙara kauri, har ta ɗaga ƙasa sama. Takan turo duwatsu waje, ta karkatar da turaku. In sanyin ya ƙara tsanani, sai daskararriyar ƙasar ta tsuke, ta dare kamar lakarmu. In zafi ya zo, ƙanƙarar ta narke, sai ƙasa ta lotsa. Saboda haka a birnin Yakutsk na Rasha ana ɗora manyan gidaje kan ginshiƙai, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasar da ke ƙarƙashi.

Mu sanyin hunturunmu bai kai ya daskarar da ƙasa ba. Amma laka tana yi mana irin wannan ɓarna. In mun yi gini a kanta, bana ta ɗaga, baɗi ta sauke, sai bango ya tsage. Wata rana ya faɗa wa mutane cikin dare.

Saboda haka, jama'a, in za mu yi gini mu nemi tudu mai ƙasa mai ƙarfi. Mu haƙa harsashi da zurfi. Mu sa indararo mai tsawo, mu yi wa ruwa hanya nesa da gindin bango. In mun ga tsaga tana ƙara faɗi, mu kira magini tun kafin ruwan farko. Rigakafi ya fi magani.