Ruwa Ke Wanke Bindigar Toka, Ba Mai Ba

'Yan'uwa manoma, da yawa a cikinmu suna da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, domin korar birai da gyado daga gona. Sau da yawa mutum yakan dawo daga daji, ya ɗiga mata mai a baki, ya jingine ta bayan ƙofa, yana tsammani ya gama. Bai gama ba.

Ga dalili. Idan albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa toka yake zama. Wata ta fita tare da hayaƙi, wata ta manne a cikin bututun bindiga. Tokar nan tana da gishiri, tana kuwa jan laima kamar yadda gishirin miya yakan jiƙe da damina. Kwana ɗaya ko biyu sun isa tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. Zuba mai a kan toka daidai yake da ɗaure gyambo ba a wanke ba.

Tsatsar ciki ta fi ta waje mugunta, domin ido ba ya ganinta. Tana cin ƙarfe a hankali, musamman can gindi inda albarushi ke zama, har ran da bututun zai fashe a hannun mai shi.

Duk ranar da ka harba, kada ka kwana ba ka yi wannan ba:

1. Ka tabbata babu ɗuri a ciki. Tun bindiga tana fanko, ka zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi mata shaida daidai bakin bututu. Duk lokacin da shaidar ta tsaya a sama, akwai ɗuri. Kada ka leƙa da ido.

2. Ka zuba ruwan zafi da ɗan sabulu a bututun. Ka ɗaura tsumma a kan sanda, ka yi ta turawa kana ja, kana sake ruwa, har ya fito fari ta ɗan hujin da wuta ke shiga.

3. Ka ɗauraye da ruwan zafi zalla. Zafin ƙarfen zai taimaka wajen bushewa. Ka goge da busasshen tsumma har ya fito ba danshi.

4. Sai yanzu mai. Ka shafa kaɗan ciki da waje, da wajen kunama. Man keken ɗinki yana da kyau, haka kuma man kaɗanya ko kitsen da ba gishiri. Man gyaɗa yakan yi danƙo in ya daɗe. Baƙin man mota kuwa ƙazanta ne.

Wajen ajiya, ka rataye ta nesa da yara, bakinta yana duban ƙasa don kada mai ya gangara ya jiƙa ƙota. Kada ta daɗe cikin jakar fata, gama fata tana riƙe laima. Da damina ka duba ta kowane mako biyu, ko ba ka harba ba.

Kafin ka sake ɗuri, ka goge man nan sarai. Albarushin da ya sha mai yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan ka sauke bindiga. Kada kuma ka ɗura mata hodar harsashin zamani, ƙarfinta ya fi ƙarfin bututun.

In tsumma yana maƙalewa a ciki ko yana fitowa a yage, tsatsa ta riga ta yi rami. Kada ka ƙara harbawa, kai ta wurin maƙeri. Sabon bututu yana da kuɗi, amma ba a sayar da yatsu a kasuwa.