Leƙen Asiri da Auna Maƙwabci: Daga Ribaɗin Kano zuwa Iyakar Nijar

Aikin leƙen asiri tsakanin ƙasashen da ke zaman doya da manja kashi biyu ne. Na farko shi ne tattaro labari, wato a san yawan mayaƙan maƙwabci, irin makamansa, inda ya girke su, da waɗanda ke shiga da fita a fadarsa. Na biyu shi ne auna labarin, a tace gaskiya daga jita-jita, sannan a gaya wa mai mulki abin da ake zaton maƙwabcin zai aikata. Kashi na farko ne ya fi ɗaukar hankalin jama'a, domin a nan ake jin labarin masu ɓad da kama da wasiƙun ɓoye. Amma yawancin kurakuran da suka jawo wa ƙasashe asara a kashi na biyu aka tafka su. Ana iya ƙirga dawaki ko tankokin yaƙi, niyyar mai su kuwa sai dai a yi mata ƙiyasi, kuma mai ƙiyasin mutum ne da ke da tsoro da buri da ubangidan da yake son faranta wa.

Ƙasar Kano ta daɗe da sanin wannan aiki. Yankin Shanono, Bagwai, Tsanyawa da Gwarzo a yau ƙasar noma ce mai cunkoso, gona na manne da gona, amma a ƙarni na 19 bakin iyaka ne da ake kwana da ido ɗaya. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, zuriyar sarakunan Katsina na da sun koma arewa suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Daga can suke kawo hari cikin ƙasar Katsina, wani lokaci su zarce har yammacin Kano. A arewa maso gabas akwai Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimun ta mallaki igwa da bindigogi masu yawa. A kudu maso gabas Ningawa na saukowa daga duwatsu. Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tsara, sarakunan Kano tun daga Ibrahim Dabo suka bi, shi ne ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin daji, irin su Gwarzo da Ƙaraye, inda ake zaunar da mayaƙa da iyalansu. Ribaɗi ba kariya kaɗai yake bayarwa ba, kunne ne kuma. Daga nan ake tura magewaya su dubo sawun dawaki, daga nan kuma ɗan aike ke sukuwa zuwa birni idan an ga ƙurar mahara.

Mafi yawan labarin, duk da haka, ba daga magewaya yake zuwa ba. Kasuwa ke kawo shi. Madugun da ya taso daga Damagaram ya san ko ana sayen dawaki fiye da kima a can, Buzayen ayarin gishiri sun san halin da hanyar Azbin ke ciki, Larabawan da ke zaune a Kano suna samun wasiƙu daga Tarabulus. Fatoman da baƙi ke sauka a gidansa yakan ji abin da bafade ba zai ji ba. A cikin gida kuwa jakadu ne ke kai-komo tsakanin fada da masu riƙe da garuruwa, yayin da Wazirin Sakkwato, wanda shi ne ƙofar Kano a wurin Sarkin Musulmi, ke karɓar wasiƙun Larabci masu hatimi yana kuma kawo rangadi da kansa. Labari bai taɓa yi wa waɗannan fadoji ƙaranci ba. Abin da ke bambanta sarki da sarki shi ne yadda ya karanta shi.

Bello ya nuna ƙwarewa a wannan fanni lokacin da Baturen Ingila Kyaftin Clapperton ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826. A lokacin Sakkwato na yaƙi da Borno, Shehu al-Kanemi ya kutso da runduna cikin ƙasar Kano, ga shi kuma baƙon na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehun. Bello ya sa aka karɓe su, ya hana shi wucewa. Ya riga ya ji labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki, ya kuma gaya wa baƙon nasa hakan. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya hango abin da zai faru shekara 76 gaba, ta hanyar haɗa labarin fatake da abin da idonsa ya gani.

Akasin haka ya faru a 1893. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, wanda ya burge shi da jarumta a yaƙin Argungu. Sakkwato ba ta jahilci ƙarfin 'ya'yan marigayi Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ba, domin Waziri Buhari ya san Kano ciki da bai. An dai raina abin da za su iya yi ne. Ɓangarensu, wato Yusufawa, suka fice zuwa Takai, Yaƙin Basasa ya ɓarke, jagoransu Aliyu Babba ya shiga birni a 1894 ya hau sarauta, aka kashe Tukur a 1895 bayan ya gudu ƙasar Katsina. Masarautar da ta fi kowace arziki a daular ta fito daga rikicin a jigace, kuma maƙwabta sun lura: kafin ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya kawo yaƙi har Gezawa.

Shi ma Kuren Daga nasa lissafin ya ci shi. A 1898 wani hafsan Faransa mai suna Kyaftin Cazemajou ya sauka a Zinder a kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabeh, wanda ya ƙwace Borno tun 1893 yake kuma barazana ga Damagaram. Fada ta yi zargin ƙawance za a ƙulla a kanta, aka kashe baƙon a watan Mayu. Zargin na da tushe, domin Faransa na son tuntuɓar Rabeh. Kuskuren yana wajen auna abin da ke bayan mutum guda da 'yan rakiyarsa. A watan Yulin 1899 Faransawa suka ci Zinder, ba da jimawa ba aka kashe sarkin.

A daidai wannan lokaci Turawan Ingila na can suna nasu karatun. Hanyarsu ba ta bambanta da ta sarakuna ba sosai, domin fatake da tafintoci suka ɗauka aiki. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Adamu Jakada, ɗan kasuwar da ya yi wa Kamfanin Neja aiki sannan ya koma hannun gwamnatin mulkin mallaka ta Lugga, kuma rahotannin da ya kai tsakanin 1899 da 1901 suna nan masana tarihi na nazarinsu. Irin waɗannan mutane su suka gaya wa Turawa yadda ganuwar Kano take, wane basarake ke jin haushin wane, da inda rijiyoyi suke a kan hanya. Kafin su, matafiya irin su Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da kuɗin gwamnatin Ingila, sun riga sun rubuta yawan jama'ar birnin da girman cinikin tufafinsa.

Abin da ya biyo baya misali ne na wata cuta da ta zama ruwan dare a wannan sana'a, wato mai mulki ya yanke shawara tukuna sannan ya nemi rahoton da zai mara mata baya. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Aliyu kuma ya karɓe shi hannu biyu. Lugga ya shaida wa Landan cewa Kano na shirin auka wa sansanin Turawa da ke Zariya, saboda haka dole a riga ta. Gaskiya ne Aliyu ya gyara ganuwa ya tara makamai. Sai dai a farkon Janairun 1903, da ya fita da dawaki kimanin 2,000, yamma ya nufa, zuwa Sakkwato don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a. Wanda ke shirin kai hari Zariya ba ya kwashe mayaƙansa ya yi tafiyar makonni zuwa wata nahiya. Haka kuma Lugga ya dogara da wata wasiƙa da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko a 1902 yana shelar gaba, wadda har yau masana ke tababar ingancinta.

A ɓangaren Kano ma an yi kuskure, kuma nata ya fi tsada. Aliyu ya bar birni a hannun Sarkin Shanu da wasu manyan bayin sarki, bisa zaton ganuwa za ta riƙe, alhali Turawa na Zariya, tafiyar 'yan kwanaki. Kanar Morland ya taso a ƙarshen Janairu da sojoji fiye da 700, yawancinsu baƙaƙen fata, da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Ya fasa Bebeji a hanya, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Labarin ya iske Aliyu a ƙasar Zamfara yana dawowa. Ya sulale da dare, rundunarsa ta rabu biyu, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya kai sauran jama'a gida aka naɗa shi sarki. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris.

Bayan samun 'yanci aikin ya koma hannun hukumomi. A Nijeriya an kafa hukumar tsaro ta NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammed, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta raba ta uku: hukumar tsaro ta farin kaya mai lura da cikin gida, NIA mai leƙen ƙasashen waje, da DIA ta sojoji. Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke haɗa kan rahotanninsu. Kayan aiki sun canza, akwai sauraren waya da hotunan tauraron ɗan'adam da jirage marasa matuƙa, amma ba su kawar da tsohuwar cutar ba. Amurka, da duk na'urorinta, ta mamaye Iraƙi a 2003 bisa rahoton makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba.

Gwaji mafi kusa shi ne juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da Janar Abdurrahman Tchiani ya hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta ba sojojin wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki. Lissafin shi ne matsin zai sa su saduda. Abin da lissafin ya tsallake, duk wani ɗan kasuwar Dawanau ko direban hanyar Jibiya zai iya faɗinsa kyauta: iyakar mai tsawon kilomita kimanin 1,500 ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya ne, kuma takunkumin da ya ƙuntata wa Maraɗi sai ya ƙuntata wa Katsina da Kano. Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi. Tawagar farko da ECOWAS ta tura, ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta dawo ba ta ga Tchiani ba, amma ya karɓi Muhammadu Sanusi na II, daga baya ya karɓi tawagar malamai. Tsohuwar hanyar sarauta da malanta ta buɗe ƙofar da barazana ta kasa buɗewa. A watan Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES, a Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumi ba tare da Bazoum ya koma mulki ba, a Janairun 2025 ficewar ƙasashen uku ta tabbata.

Tun daga nan bayanan sirri suka zama makamin cacar baki. A watan Disambar 2024 Tchiani ya yi hira da Hausa a talabijin ɗin ƙasarsa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa Nijar. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Nijeriya shawara kan tsaro, ya musanta, shi ma da Hausa. Zaɓin harshen ya nuna waɗanda ake magana da su, wato jama'ar ɓangarorin iyaka biyu, ba ma'aikatan jakadanci ba. Zargin da aka yi shelarsa ba tare da an baje hujja ba ya fita daga sahun rahoto ya shiga na farfaganda, kuma mai sauraro ba shi da hanyar tantancewa.

Tsamin dangantakar na da farashi a ƙasa. Bayani kan 'yan bindigar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi, Zamfara da Katsina, ko Lakurawa a yankin Sakkwato da Kebbi, ba ya cika sai ƙasashen biyu sun haɗa abin da kowace ta sani. A ƙarshen 2025 hare-hare sun tsallako daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, ciki har da Faruruwa, aka kuma girke sojoji a yankin. A irin wannan wuri manomi ne ke fara ganin babura, ya gaya wa mai unguwa, ya wuce ga dagaci da hakimi, amma tsoron infoma kan sa ya kame bakinsa idan bai tabbata sunansa zai ɓoyu ba. A sama kuwa ana ƙoƙarin ɗinke ɓaraka: a Agustan 2024 babban hafsan tsaron Nijeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai aka sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwar tsaro, a Afrilun 2025 kuma ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya kai tasa ziyarar, makonni kaɗan bayan Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi.