Likita Baƙo a Bakin Kogin Gambiya

Birnin Banjul yana kan ƙaramin tsibiri ne a daidai inda Kogin Gambiya yake shiga teku, kuma galibin ma'aikatan birnin ba a cikinsa suke kwana ba. Da an idar da sallar asuba motocin haya ke kwaso su daga Serekunda da Bakau su haye gadar Denton. A cikin wannan ayari akan samu likita ɗan Najeriya riƙe da farar rigarsa, zai tafi asibitin koyarwa. Da yawa daga irinsa sun zo ne ta shirin TAC, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 don ba ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na yankin Fasifik aron ƙwararru na tsawon shekara biyu. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓi baƙon kuma ta ba shi masauki.

Aiki na farawa ne da taron safe, inda waɗanda suka kwana a bakin aiki ke ba da labarin marasa lafiyar da aka kwantar cikin dare. Daga nan sai zagayen gadaje, ɗalibai na biye. A nan baƙo yake gane cewa Turancin da ake rubuta takardun asibiti da shi ba ya kai shi ga zuciyar mara lafiya. Tsohuwar da aka kawo daga Basse ko Farafenni, ko wadda ta hayo jirgin fito daga Barra, da Mandinka ko Wolof ko Fulatanci za ta faɗi abin da ke damunta. Dole ɗalibi ya zama tafinta. Malam yana koya masa yadda ake taɓa ciki a gane hanta ta kumbura, shi kuma yana koya wa malam cewa ba a tambayar dattijo ciwonsa sai an gaishe shi, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Likitan da ya tashi a Kano ko Sakkwato ba ya shan wuya a wannan, domin da doguwar gaisuwa aka rene shi.

Cututtukan ma ba baƙinsa ba ne. Ƙarshen damina zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, hawan jini da ciwon sukari kuwa ba su da lokaci. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne magidanta masu ƙarfi a jika da ake kawowa da kansar hanta, wadda ƙwayar ciwon hanta nau'in B ke haddasawa. Gambiya na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka soma yi wa jarirai rigakafin wannan cuta, tun daga gwajin da aka fara a 1986, amma waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Akan kawo su a makare, da layu a damtse, bayan an gama zagayen masu maganin gargajiya. Likitan kirki ba ya yi musu faɗa, kuma ɗalibansa suna kallon yadda ya tausasa murya. Wannan darasi ne da ba ya cikin littafi.

Ba shi kaɗai ne baƙo ba. Makarantar koyon likitanci ta ƙasar an buɗe ta ne a 1999 da taimakon likitocin Kuba. Kafin nan duk ɗan Gambiya mai son zama likita sai ya fita waje. Shi ya sa a ɗakin hutun malamai za ka ji Sifaniyanci na cuɗanya da Turanci da Wolof. Da azahar akan kewaye kwano ɗaya na benachin, dafa-dukar shinkafa da kifi, ko domoda, miyar gyaɗa mai kauri.

Wahalar tana zuwa ne da almuru. Bayan lacca da duba takardun jarrabawa, sai ya koma ɗaki shi kaɗai. Agogon Gambiya yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, don haka in ya yi jinkirin kiran gida sai ya tarar yara sun yi barci. Maƙwabta ne ke ɗebe masa kewa, su jawo shi gindin mangwaro a sha ataya zagaye uku, ranar Babbar Sallah kuma su aiko masa da nama kamar ɗan dangi.

Wani zai ce Najeriya da ke kukan ƙarancin likitoci me ya kai ta ba da aro? Amsar tana bakin gadon nan. Mara lafiyar da baƙo ya duba mutum ɗaya ne, amma ɗalibin da ya horar zai shekara talatin yana duba mutanensa da harshensu. Ranar da aka daina buƙatar malamin, ranar ce aikinsa ya yi kyau. Ya kamata hukumominmu su riƙa kula da haƙƙin waɗannan likitoci a kan lokaci, in sun dawo kuma a ba su gurbin koyarwa a asibitocinmu, don abin da suka koyo a can ya amfani na gida.