Dalilan da ke Raba Mutum da Ƙasarsa ta Haihuwa

Ko da yake Allah Maɗaukakin Sarki ya dasa ƙaunar mahaifa a zuciyar kowane ɗan Adam, har ya zamana mutum yana fifita garin da aka binne cibiyarsa a kan birnin da ya fi shi ni'ima, duk da haka babu wani zamani da mutane suka daina ɗaure kaya suna barin ƙasashensu. Wanda kuwa ya yi nazarin tarihin Hausawa zai ga cewa hanyoyi uku ne suka fi kwasar mutanenmu, wato hanyar gabas, da hanyar Gwanja, da hanyar Hamada, kowace kuma tana da nata sababi.

Sababi na farko shi ne addini, wanda fuƙaha'u suka ba shi matsayi mafi girma, domin sun yi hukunci cewa hijira wajibi ce a kan wanda aka hana shi bayyana ibadarsa, muddin yana da ikon tafiya. A kan wannan hukunci ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu a shekarar 1804, kuma shi ne hujjar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya sa'ad da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, har aka tare su a Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har bakin Kogin Nilu, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Ban da waɗannan muhajirai, akwai maniyyata aikin hajji da suka riƙa takawa a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, mutum ya tsaya a wannan gari ya yi noman damina ɗaya, ya tsaya a wancan ya yi ɗinkin hula ko wanzanci har ya tara guzuri, sa'an nan ya ƙara gaba, ta yadda yaron da aka goyo daga Kano sai ya isa gaɓar Bahar Maliya da ƙafarsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawansu suka sami abin yi suka zauna, jikokinsu ne kuma Hausawan Sudan na yau.

Sababi na biyu shi ne neman halal ta hanyar fatauci, wanda shari'a ta halatta, al'ada kuma ta yaba. A da ayari kan tashi daga Kano a ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba yana duba hanya da mashaya, jakuna ɗauke da kanwa da jar fata da baƙaƙen riguna masu sheƙin bugu, a yi watanni ana sauka zango-zango ana biyan fito da garama, kafin a isa Salaga a ƙasar Gwanja a sayo goro, a lulluɓe shi da ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa har a dawo gida. Da yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salaga a 1892, sai fatake suka watsu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara, malamai kuma suka bi su, irin su Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya rayu yana karantarwa a Kete Karachi har wafatinsa a 1934. Haka zangunan Gana suka bunƙasa, kowanne da masallacinsa da limaminsa da sarkinsa.

Amma fa baƙunci, komai daɗewarsa, ba ya rasa ɗaci. A shekarar 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar Gana, sai ga dattijon da aka haifa a zango, wanda bai taɓa ganin ganuwar Kano ba, yana karyar da gidansa da rumfarsa a kan kuɗi ƙalilan, yana hawa babbar mota zuwa ƙasar da bai san kowa a cikinta ba. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu mutanen Gana, alhali kuwa ta riga ta ga irin raɗaɗin da wannan hukunci ke jawowa.

Sababi na uku, wanda ya fi sauran ban tausayi, shi ne larura, wato yunwa da tsoro. Farin da aka yi a 1973 da 1984 ya mai da cin rani, wanda a da tafiyar 'yan watanni ce tsakanin kaka da damina, ya zama ƙaura ta dindindin ga dubban magidanta. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a Hamada, arewa da Arlit, mafi yawansu mata da ƙananan yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a kan hanyar Aljeriya. Babu uwar da za ta ɗauki jaririnta ta shiga wannan rairayi don kwaɗayi ko sha'awar buɗe ido, sai dai kamar yadda magabata suka ce, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Saboda haka ya kamata a rarrabe tsakanin wanda ya fita da niyya da guzuri, don hajji ko ilimi ko ciniki, da wanda aka tunkuɗo shi. Na farko albarka ne ga ƙasar da ya bari da wadda ya sauka, ba a kuma hana shi. Na biyu kuwa hujja ne a kan shugabanninsa, domin amanar da Allah ya ɗora wa masu mulki ita ce tsare rai da dukiya da mutuncin talakawa, kuma tsaurara iyaka ko kama direbobi, kamar yadda aka taɓa yi a Agadas, ba zai tsai da wanda rumbunsa ya ƙare ba, balle wanda 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensa. Abin da ke zaunar da mutum a gida shi ne ya yi shuka cikin aminci, ya girbe abin da zai kai shi wata damina, ya kuma sami alƙalin da zai saurare shi idan an zalunce shi. Wajibi ne mahukunta su tsaya a kan waɗannan abubuwa uku, mu kuma talakawa mu kyautata wa baƙon da ya sauka a cikinmu, domin haƙƙinsa ne a shari'a. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kuma kiyaye bayinsa da ke kan hanya.