Ragar ƙarfe cikin jijiyar ƙwaƙwalwa: aiki bai ƙare ba sai an koma an duba

Da yawa daga cikinmu ƴan kasuwa mun taɓa haɗa kuɗi domin kai ɗan uwa magani Tunusiya, Maroko ko Indiya. Daga cikin ayyukan da ake yi a can akwai sanya wata ƴar ragar ƙarfe, wadda likitoci ke kira stent, cikin jijiyar jinin ƙwaƙwalwa. Ana sanya ta ne idan jijiya ta tsuke, ko ta kumbura tana shirin fashewa. Majinyaci ya dawo gida, ya koma rumfarsa, sai mu ce an gama. To, da sauran aiki.

Jiki na iya gina nama cikin ragar har hanya ta sake tsukewa, ko jini ya daskare a kanta. Sau da yawa mutum ba ya jin komi sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa likitoci ke neman a ɗauki hoto, galibi bayan wata 6, sannan a maimaita.

Hanyar da ta fi nuna gaskiya ita ce ta zura siririn tiyo ta matse-matsi ko wuyan hannu har zuwa jijiyoyin wuya, a tura ruwan da ke haska jini, a ɗauki hoto. Likitan Fotugal Egas Moniz ne ya fara hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a 1927. Amma wannan hanya tana da tsada, tana buƙatar ƙwararru, kuma tana da ɗan haɗari.

Ta biyu ita ce sikana, inda ake yin allurar ruwan aidin a hannu. Aikin mintoci ne, sai dai ƙarfen kan yi ƙyalli ya rufe wurin da ake son gani. Mai ciwon ƙoda ko ciwon suga ya faɗa wa likita tun kafin allura.

Ta uku ita ce IRM, mai aiki da maganaɗisu. Ragunan zamani galibi ba su hana shiga wannan na'ura, amma dole likita ya san irin wadda aka sanya, domin wani ƙarfen yana dusashe hoto fiye da wani.

Ta huɗu ita ce eko, irin wadda mata masu ciki suka sani, amma a gefen kai ake ɗora ta. Ba ta nuna ragar, saurin gudun jini take aunawa. Ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ƙashin kan wasu, musamman tsofaffi mata, kan hana ta aiki.

Don haka, ƴan uwa, kafin mu baro asibitin waje, mu karɓi takardar da ke ɗauke da sunan ragar da kuma faifan hotuna. Mu tambayi wane hoto za a yi, yaushe, kuma ko ana iya yin sa a Yamai. Kuɗin wannan dubawa mu ware shi tun farko, kamar yadda muke ware kuɗin duwan kafin kaya su iso.

Magungunan hana daskarewar jini kuwa, irin su asfirin da clopidogrel, kada a tsayar da su sai da izinin likita. Idan baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ko kai ya sara ba zato, a bar ciniki a nufi asibiti nan take. Allah ya ba mu lafiya.