Kada waken kakanni ya ɓace a Kurfai

Ƴan'uwa manoman Filinge da kewaye, mun san wake ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai yaɗo, wanda yake jinkirin nuna amma ya cika rumbu da harawa. Akwai kuma mai saurin nuna, wanda yake tserar da mu idan ruwa ya ɗauke da wuri. Kowanne da halin da ya gada a cikin ƙwayarsa.

Daga wannan gado ne masana suke fitar da sabon iri. Sukan haɗa furen wani wake da na wani, sa'an nan su yi ta zaɓe shekara da shekaru. Mu ɗauki misalin ƙuduji, mai shanye saiwar wake. Can ƙasar Botswana aka samu wani waken gargajiya, B301, wanda ya gagari ƙuduji. Masanan cibiyar IITA a Kano suka haɗa shi da wasu, aka samu IT97K-499-35. Da manoman can sun yar da nasu, ina za a samo maganin?

To, amma ƙuduji ma iri-iri ne, kuma a wani yanki na Benin ya ci B301 ɗin. Saboda haka idan duk Kurfai ta koma ga iri ɗaya, annoba ɗaya ta isa ta share gonakinmu.

Mu karɓi irin INRAN, kamar TN 5-78, amma mu bar wa tsohon iri ƴan kunyoyi. Bayan girbi mu shanya shi sosai, mu adana kowanne daban cikin toka ko buhu mai riɓi uku.